Shekarar da Na Yaɓe Bangon Gabas

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙon Ya riƙe mini hannu, domin da fushi na ɗauki alƙalamin. Ku 'ya'yana kun san ni da saurin hawa, uwarku ma ta fi ku sani, amma na yau ba irin wanda kofin shayi ke saukarwa ba ne. Wannan ya daɗe yana dahuwa. Na so in tafi da shi kabari, sai ga autarku Nana ta dawo hutu daga jami'a da wani ɗan littafi mai ƙyalli a jakarta. Sashen da take karatu, na tarihin fasahar ƙarnonin tsakiya, shi ya yi bikin cika shekaru, suka buga littafin don su nuna wa duniya abin da malamansu da ɗalibansu suka cim ma. Wane ya sami lambar girma a ƙasar waje, wance ta kare digirinta na dokta da yabo, wane an gayyace shi ya yi jawabi gaban Turawa. Ba na baƙin ciki da ko ɗaya daga cikinsu, wasu ma ƙannena ne a karatu, na san wuyar da suka sha. Amma a tsakiyar littafin akwai hoton marigayi Farfesa, wanda ya kafa sashen, yana tsaye ya karkata hula, bangon da ke bayansa kuwa bangon gidanmu ne na Birni. A ƙarƙashin hoton an rubuta wai shi ya gano zanen bango mafi daɗewa a Damagaram, amma duniya ta yi asararsa saboda jahilcin wani mutumin gidan.

Nana ta ajiye littafin a kan tabarmata, ta ƙi kallon idona.

"Baba, a amfi, babban zauren lacca, aka karanta wannan shafin, gaban duk ɗalibai. Wata ƙawata ta juyo ta ce mini, wannan ba gidanku ba ne? Baba, wane ne mutumin?"

Na ce, "Ni ne."

Na ga kunya ta kama ta, kunyar ubanta. Wannan kunyar ce ta sa ni zama rubutu. Ba neman gafara na zo yi ba, domin ban yi abin da zan nemi gafara a kansa ba. Sunan jami'ar da na Farfesan ba za su fito daga alƙalamina ba. Shi yana gaban Ubangijinsa, su kuma sun san kansu.

Gidanmu kakan babana ya gina shi, bafatake mai kai jar fata arewa, tun kafin Nasara su shigo ƙasar nan. Ƙofarsa gabas take kallo. Duk wanda ya yi damina ko ɗaya a Damagaram ya san hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa, sauran bangaye 'yan rakiya ne. Shi ya sa a gidanmu duk shekara, da zarar bazara ta kama, ake jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a randa, a kwaɓa ƙasa, a kira magina su yi wa fuskar gidan sabon yaɓe. Magini zai bi tsohon zanen da yatsa ya fito da shi a kan ɗanyen yaɓen, wani ya ɗan ƙara nasa, wani ya rage. Haka bangon ya yi ta kauri, riga a kan riga. Babana yakan ce bango kamar mutum ne, ba a barinsa tsirara ya shiga damina. A bayan wannan bango ɗakin Baba yake, jikin zaure. Bayan rasuwarsa Iya, kakarku, ta kwashe kayanta ta koma ɗakin, wai tana son jin motsin titi, amma mun san kewar mijinta ce. Gadonta a jikin bangon yake, kawunan azarar rufin ɗakin kuma a kansa suke zaune. Ku riƙe wannan, shi ne dukan labarin.

A shekarar da nake magana ina dab da gama digirin dokta. Aikina a kan yadda adon da ke gefen tsofaffin Alƙur'anan Barno da jakunkunan fatarsu ya bi hannun masu sana'a har ya hau bangayen gidajenmu. Abin da nake cewa shi ne zanen tsoho ne ƙwarai, amma ƙasar da yake kai ba sai ta zama tsohuwa ba, domin hannu ne ke miƙa wa hannu. Farfesa shi ke duba aikin. Kada wani ya ce muku Bature ne da bai san ruwa ba. Ɗan ƙasa ne kamar ni, a gidan ƙasa aka yanke masa cibi. Ya iya koyarwa, wannan ba zan hana shi ba, idan yana bayanin zane sai ka manta da yunwa. Wata rana a cikin hira na gaya masa bangon gidanmu ya fi kamu biyu kauri saboda yaɓe, sai na ga idonsa ya yi haske. A ƙarshen sanyi ya sauka a gidanmu da ɗalibai biyu abokan karatuna, da 'yan wuƙaƙe ƙanana da buroshi.

Tafin hannu ɗaya ya roƙa a bar shi ya buɗe. Ya yi ta ɓare yaɓen kamar mai ɓare albasa, har ya kai ga na can ƙasa. Abin da ya bayyana ban taɓa ganin irinsa ba: zane da jar ƙasa da fara, da'irori suna shiga cikin juna suna fita, siriri kamar aikin allura, launin bai ko dushe ba. Ba zan ɓoye muku ba, hawaye na yi. Shi ne ainihin abin da na shafe shekaru ina nema a takardu, ashe yana jikin bangon da nake jingina da shi ina yaro. Daga tafin hannu sai aka koma kamu ɗaya, daga kamu sai gaba ɗaya. Kafin zafi ya yi ƙarfi sun tuɓe fuskar gidan tun daga zanko har dakali, tubali na leƙowa ta wasu wurare. Da na ji yana gaya wa mutane wai zanen na ƙarnonin tsakiya ne, ya girmi sarautar Damagaram kanta, sai na ja shi gefe. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci.

"Mushe, kakan babana ne ya gina bangon nan. Salon zanen ne tsoho, ƙasar ba ta kai haka ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kakanka ya yi gini a kan abin da ya tarar. Kai ɗalibi ne, Mutari, ka bar wa manya maganar shekaru."

Ya ce ya rubuta wa manyan masana na Turai, za su zo su gani da idonsu, amma sai bayan bakansi, babban hutun makaranta, wato sai an gama damina. A zuwan nan nasu za a haɗa da zaman kare digirina, su zauna cikin alƙalai, kuma akwai kujerar ƙaramin malami tana jirana a sashen. Kafin nan kada wanda ya taɓa bangon. Ya sayo wani ƙaton bash, wato tampol, aka kafa ƙusoshi a saman bango aka rataya shi, ya hau mota ya tafi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mutumin nan ya san inda gidanmu ya tsage. Tun rasuwar Baba zaurenmu ya mutu, ba mai zuwa gaisuwa sai da salla. Iya tana jin zafin wannan ko da ba ta faɗa. Sai ga babban mutum mai mota ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya kawo mata turmin atamfa, ya ɗauki hotonta a bakin ƙofa, yana kiranta uwar tarihi. Matan unguwa suka dinga tururuwa suna ɗaga bash suna leƙawa, ita kuma tana zaune a kan dakali tana ba su labari kamar da hannunta ta zana. Na daɗe ban ga Iya tana dariya irin ta wannan lokacin ba. Yaya Lawali, babban wana kuma maigida a lokacin, mai shagon kayan babur ne, shi tuni ya gama lissafin Turawan da za su riƙa zuwa kallo, har ya fara maganar buɗe shagon tsaraba a zaure. Uwarku Zuwaira kuwa tana da cikin Ibrahim, ta gaji da zaman matar ɗalibi. Duk sanda na tada maganar yaɓe sai ta ce,

"Ka karɓo takardarka tukuna, Malam. In ya so daga baya ka yaɓe har da Farfesan."

Ruwan farko ya sauka da la'asar, da iska mai ƙarfi. Ina tsaye a zaure ina kallo. Iska ta shiga ƙarƙashin bash ɗin tana ɗaga shi tana maka shi da bango, ƙusoshin suna girgiza suna buɗe ramuka. Indararon da ke saman ƙofa kuwa, maimakon ya zubar da ruwa titi, sai ya dinga zuba shi a bayan bash. Da rana ta fito, sauran bangayen unguwa suka bushe, namu ya ƙi, domin bash ɗin ya hana shi shan iska. Bayan ruwa na biyu na shiga ɗakin Iya na ja gadonta. Bangon ya yi baƙi da laima har tsayin ƙirjina, ga wata tsaga ta taso daga ƙasa tana neman inda azara take, yatsana ya shige cikinta. Na durƙusa gaban Iya na roƙe ta ta koma tsohon ɗakinta na cikin gida har damina ta wuce.

Ta ce, "A ɗakin babanku zan mutu, ko da ruwa ko da rana."

"To, Iya, a bar ni in kira magina."

"Farfesa ya ce kar a taɓa. Mutum ya ba ni amana, kai kuma ka ce in ci? Ka fi shi karatu ne?"

Ga uwa ta ƙi fita, ga bango ta hana a rufe. Na je wa Yaya Lawali, ya ce bangon nan ya ga damina fiye da gashin kaina, ɗaya ba za ta kashe shi ba. Na ce masa ya gan su ne da rigarsa. Ya ce boko ya sa mini tsoro. Sai na hau mota na yi doguwar tafiyar nan zuwa wurin Farfesa, ina cewa a raina shi da ya tuɓe bangon shi zai ba da izni a rufe, idan ya faɗa Iya za ta ji. Na same shi a biro, wato ofishinsa, fanka na kaɗawa, hotunan bangonmu a baje a kan tebur. Na zayyana masa komai, laima da tsaga da azara. Na ce ya riga ya ɗauki hotuna, ni kuma na kwafi zanen kaf a takarda. A bari in rufe shi da lallausar ƙasa yadda ba zai lalace ba, da rani a sake buɗewa, baƙin su ɗaga zuwansu.

"Ka san irin wuyar da na sha kafin mutanen nan su yarda su zo? In ce musu su ɗaga saboda yayyafi?"

"Mushe, ba yayyafi ba ne. Uwata ce ke kwana a ƙarƙashinsa."

"To a fitar da tsohuwar mana. Ɗakuna suna da yawa, bangon nan ɗaya ne a duniya."

"Ta ƙi fita."

"Wannan matsalar gidanku ce, ba ta ilimi ba." Ya tattara hotunan ya sa a aljihun tebur. "Ka ji ni da kyau, Mutari. Ranar da ƙasa ta taɓa zanen nan, kada ka sake tako ƙofar biron nan. Tez ɗinka ta dokta a hannuna take."

Matsalar gidanku. Har yau idan na tuna kalmar nan sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Mutumin da ya ci tuwon Iya, ya sa hannu biyu ya karɓi furarta, ya kira ta uwa, shi ne yau take tsohuwar. Na fito ban yi masa sallama ba. A hanyar dawowa motarmu ta tsaya a Takieta fasinja su yi salla. Na idar, na ɗaga kai na dubi gabas, wajen Zinder, sai na ga sama ta haɗe baƙi ƙirin tun daga ƙasa. Mutanen da ke gefena manoma ne, suna ta murna suna cewa bana gero zai yi. Ni kuwa ina ta ƙirga ko wannan hadarin ne zai sauke azara a kan Iya. A wurin nan, a bakin titi, na gama shawara. Na san abin da zan rasa, ba cikin rashin sani na yi ba.

Allah ya sa hadarin ya wuce ta kudu. Ina isa na jiƙa makuba, na sa aka kawo ƙasa, na yi magana da maginan da suka saba yi wa Baba aiki. Ranar da suka zo da hantsi na hau tsani na cire bash ɗin da hannuna. Yaya Lawali ya baro shago a guje, unguwa ta taru.

"Mutari, ka haukace? Wa ya ba ka izni? Ni ne babba a gidan nan!"

"Kai ne babba, Yaya. In bangon ya faɗa mata, kai za ka fara shiga da shebur ko ni?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Arziki ya zo har ƙofar gida, kai ka sa ƙafa ka shure?"

Maginan suka tsaya cirko-cirko, don ba sa shiga tsakanin wa da ƙane. Babbansu ya ce su ba za su fara ba sai ɗan gida ya sa hannun farko. Na tuɓe riga. Na riga na tankaɗe lallausar ƙasa wadda ba makuba a cikinta, na dama ta da ruwa zalla, domin ita ce idan ta bushe za a iya ɗaga ta ba tare da ta ciro launi ba. Wannan ma a ajin Farfesa na koya. Na ɗebo cikin hannu na tsaya gaban zanen. Ku da kuke jin ana cewa jahili ya rufe shi, ku sani duk duniya ba wanda ya kai ni son zanen nan. Na san kowace da'ira a cikinsa, na san inda hannun mai zanen ya ɗan karkace ya gyara. Na yi bisimilla na shafa. Iya tana tsaye a bakin zaure da atamfar da Farfesa ya ba ta. Ta buɗe baki za ta faɗi kalmar da uwa ba ta faɗa wa ɗanta, na ga leɓenta ya motsa, sai ta haɗiye. Abin da ta ce kawai,

"Ka rufe ni, Mutari. Da ma an fara ganina."

Ta shige ɗaki. Wannan maganar ta fi mini ciwo a kan duk abin da jami'a ta yi mini daga baya. Muka shafe zanen da lallausar ƙasa, muka cike tsagar ciki da waje, maginan suka bi da yaɓe mai kauri, aka zuba makuba, aka gyara indararo. Daminar ta yi ruwa ƙwarai, a unguwarmu ma wasu katangu sun zube. Ba na ce da ban yaɓe ba da lalle namu ya faɗi, wannan Allah ne masani. Abin da na sani, ban yarda a gwada da uwata a ciki ba.

Da kaka baƙin suka zo, Farfesa ya kawo su har ƙofar gida. Ya san abin da na yi, labari ya riga ya kai masa, amma ya tsaya gaban bangon ya dafe kai kamar yanzu ya gani, har da fito da hankici. Na matso na yi magana da Faransanci yadda kowa zai ji. Na ce zanen yana nan lafiya a ƙarƙashi, kamar yadda ya zauna tun zamanin kakanni, duk mai so ya dawo da rani in buɗe masa da hannuna, ya ɗebi ƙasar ya kai a auna shekarunta. Wata tsohuwar Baturiya a cikinsu ta fara tambayata, sai ya shiga tsakani.

"Ku yi haƙuri da shi, bai san abin da yake faɗa ba. Ruwan makuba ya riga ya cinye launin. An kashe shi."

Ya tasa su gaba zuwa mota. Ɗaliban nan biyu, abokaina da muka ci kwano ɗaya, suna tsaye, sun san irin ƙasar da na sa, domin na aika musu da bayani. Ɗaya ya dubi takalminsa, ɗaya ya dubi sama.

Rani ya zo, bai dawo ba. Wani ranin ya zo, na aika masa, shiru. Sai da littafinsa ya fito na gane dalili. Bangon da ya ɓace ya fi masa amfani a kan bangon da ke tsaye. Da an buɗe an auna, da an ga ƙasar zamanin kakan babana ce, maganar ƙarnonin tsakiya ta rushe. Amma zanen da aka ce ya mutu ba mai iya auna shi, sai hoto da abin da Farfesa ya faɗa. A kan wannan ya sami lambar girma, a kansa aka ƙara masa muƙami, ya zaga ƙasashe yana nuna hoton Iya a bakin ƙofa yana kukan asarar da jahilci ya jawo. Babi biyu na littafin nasa, na kan adon Alƙur'anan Barno, idan na karanta su muryata nake ji, ba ko sunana a gefe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni kuwa ya janye hannunsa daga aikina, sauran malaman sashen duk yaransa ne, ba wanda ya yarda ya ɗauke ni. Aka yanke kuɗin karatuna. Na tattara takarduna a kwali na dawo gida, na sami aikin koyar da tarihi a wani kolej a Mirriya, ina bin ƙananan motoci safe da yamma har na yi ritaya. Sunan nan da kuka taso kuna jin 'yan unguwa suna kirana, Dokta Yaɓe, kuna zaton wasa ne, to ga inda ya samo asali. Uwarku ta yi kuka, ta yi fushi, ta huce, kuma ban taɓa jin ta goranta mini ba bayan nan, Allah ya saka mata. Yaya Lawali har ya koma ga Allah bai daina cewa na kori arziki ba.

Ba na nadamar koyarwa, na ga yaran da suka fita daga hannuna sun zama mutane. Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗancan abokan nawa biyu yau su ne manyan sashen. Su suka zauna suka zaɓi hoton, su suka rubuta kalmar jahilci, su suka sa aka karanta ta a gaban 'yata. Shi mamaci ya yi nasa ya wuce, su da ke raye me ya hana su? Mota ce ba su da ita, ko hanyar Zinder ce ta ɓace musu? Sun fi son su gaji ƙarya da lambar girmanta a kan su ɗauki 'yar wuƙa su zo su duba. Idan wannan ne abin da sashe ke alfahari da shi, to na gode wa Allah da sunana ba ya cikin littafin.

Iya ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwata sai da kai. Daga baya magana ta dawo, amma ba ta taɓa tada zancen bango ba, ni ma ban tada ba. Atamfar ta ninke ta ta sa a ƙasan adaka, ban sake ganinta a jikinta ba. Ta yi shekaru masu yawa a ɗakin nan, ta ga haihuwarku duka, ta goya Nana. A ciwon da ta rasu a cikinsa, wata rana da azahar hadari ya taso daga gabas, ina zaune a bakin gadonta. Ruwa ya fara dukan bangon, muna jin sa ta ciki. Ta miƙa hannu ta shafa bangon, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce ba tare da ta dube ni ba,

"Mutari, an yi yaɓen bana?"

"An yi, Iya."

"To, madalla."

Ta gyara kwanciya ta juya wa bangon baya, ta yi barcinta. Iyakar abin da na samu daga gare ta ke nan a kan maganar, kuma ba zan musanya shi da takardar kowace jami'a ba.

Nana, kin tambaye ni ko ki nemi izni ki buɗe bangon, ki yi aikin digirinki a kansa, ki wanke sunana. Gidan kakanninki ne, ba kya buƙatar iznin kowa sai na 'yan'uwanki. Zanen yana nan yana jiran ki, ban yi shakka ba. Amma ba don sunana za ki buɗe ba, sunana bai yi datti ba. Ki buɗe don ki ga abin da na gani, ki auna ƙasar, ki rubuta shekarunta na gaskiya ko da ba su kai a ba ki lamba ba. Ki gayyaci malamanki biyu su tsaya a gefenki, ina so in ga inda za su duba wannan karon. Sharaɗina ɗaya ne: da rani za ki buɗe, tafin hannu ɗaya, kuma kafin wuƙarki ta taɓa bango ƙasar rufewa tana kwaɓe a gefe.

Bana dai lokaci ya wuce, gabas ta fara yin duhu da yamma. Makuba tana jiƙe a randa tun shekaranjiya. Ibrahim, kai da ƙannenka ku zo ranar Asabar da tsofaffin riguna, ƙafata ba ta hawa tsani yanzu, kuma magina ba sa farawa sai ɗan gida ya sa hannun farko.